Taragun Kara a Zangon Marke

Da ɗan ƙullin auduga aka fitar da ni daga aji. Malamin asibitin Kiru ya ce in rufe ido, duk inda na ji audugar ta taɓa in faɗa. Na ji ta a goshi, na faɗa. Na ji ta a wuya, na faɗa. Daga nan sai shiru. Da na gaji na ce, "Malam, kai nake jira."

Ya ce, "Ai tun ɗazu nake shafa ta a kan tabon, Malama Kyauta."

Tabon a damtsena na dama yake, ya ɗan fi sauran jikina haske, faɗinsa bai kai bakin ludayi ba. Cikin 1955 ne, ina shekarata ta biyu da fara koyar da 'yan mata a elementaren Kiru. A unguwarmu ta Bebeji ni kaɗai aka kai Kano horon malanta, kuma duk ajinmu babu wadda ta kai ni kyan rubutu. Ba na jin kunyar faɗin haka, don gaskiya ce.

Mahaifina ya rako ni Zangon Marke da jaki. Ƙauye ne da aka keɓe wa masu kuturta, a gefen hanyar da ta tashi daga Tudun Wada ta nufi Doguwa, inda ƙasa ta fara hawa da duwatsu. Ya sauke mini akwati da buhun gero a gindin marken da ƙauyen ya ci sunansa, ya yi mini addu'a yana kallon ƙasa, ya juya. Ban yi kuka ba. Mutane suna kallo.

Aka haɗa ni ɗaki da wata dattijuwa, Maijidda, mutuniyar Badafi, wadda ta daɗe a wurin har ta daina lissafi. Hannunta na hagu dungu ne, na dama saura yatsu uku. Tun ranar farko ta nuna mini al'adar garin. Kullum bayan la'asar kowa zai ɗebo ruwa a kasko, a zauna bibbiyu, a jiƙa hannuwa da ƙafafu. In fata ta yi laushi sai ka miƙa wa abokin zamanka, ya bi yatsa-yatsa, ya leƙa ƙarƙashin farce, ya juya tafin ƙafa, yana neman ƙaya ko ƙuna ko bororo. In ya gama ya shafa maka man gyaɗa, kai ma ka karɓi nasa. Duba suke ce masa. Ko zagi aka yi da rana, la'asar na yi sai an zauna duba.

"Ciwon nan ba ya cin yatsa, 'yar nan," in ji Maijidda. "Jin zafi kaɗai yake ɗaukewa. Sauran aikin, wuta da ƙaya ke yi masa. Nawa a bakin murhu na bar su, ina tuƙin tuwo ina hira. Kawo hannun."

Na ce, "Inna, ni ba irinku ba ce. Malama ce ni. Tabo gare ni, zan sha magani in koma aikina."

Ta dube ni, ta dubi kaskon. "To, Malama mai tabo. Ruwan dai ga shi nan."

Shekara biyu tana ajiye mini kasko, shekara biyu ina tsallake shi. Na san abin da nake ɓoyewa. Kan yatsuna na dama ya riga ya yi nisa da ji, in na taɓa abu kamar ta bayan tsumma nake taɓa shi. Amma suna lanƙwasuwa, suna riƙe allura, kuma goma ne cif. Na ce a raina duk ranar da na miƙa hannu aka duba, ranar na zama 'yar gari.

Malam Dikko, malamin magani, yakan zo a keke ranakun rabon ƙwaya. Ban taɓa fashi ba. Tabon ya dusashe. Da bazarar 1957 likita ya zo ya gwada ni, ya ce babu sauran cutar a jikina, in tafi gida. Ban tafi ba. Ba gida nake nema ba, aji nake nema. Na aika wa Malam Sale, mai duba makarantun wannan yanki, cewa na warke. Amsar a bakin Malam Dikko ta zo. Ya faɗa mini yana gyaran sarƙar kekensa don kada mu haɗa ido.

"Ya ce bayan kaka zai wuce Doguwa, zai tsaya. Ya ce iyayen yara ba takardar likita suke karantawa ba, hannu suke kallo. In yatsunki goma suna nan, kuma ya ga suna aiki, zai mayar da ke Kiru. In guda ya ragu, ko saukowa daga mota ba zai yi ba."

Suna aiki. Wannan ce ta tsaya mini a wuya. In na nuna masa ɗinki, zai ce kowace mace na ɗinki. In na yi rubutu, zai ce ya gani, sai ya yi shawara. Ina son abin da in ya gani bakinsa zai mutu.

Akwai wani tsoho, Balarabe, da kullum ke zaune a gindin marke yana jan layi a ƙasa da dungun hannunsa, ya share, ya sake ja. Ba shi da yatsa ko ɗaya. "Amarya" yake ce mini, irin wasan kaka da jika, ko da yake ban taɓa ba shi izini ba.

Ran nan ina wucewa ya ce, "Amarya 'yar boko, kin taɓa shiga jirgin ƙasa?"

"Duk hutu. Daga Dangora zuwa Kano."

"To, da kika sauka kika kaɗe zane kika yi gaba, ina taragon ya kwana?"

"Inda ka bar hankalinka, tsoho."

Ya yi dariya har da tari. "Wallahi kin faɗi daidai, can na bar shi. Zo ki dafa ƙasa. Buɗe yatsun."

Ban san abin da ya sa na tsuguna ba. Na dafa, ya zagaye hannuna da dungunsa, na ɗaga, siffar ta fito a rairayi.

"Wuyan hannun nan shi ne layin dogo guda da ya rabu da babban layi a bayan tashar Kano. Yatsun su ne layukan ajiya. Kowane layi ya mutu a ƙarshe, ba ya zuwa ko'ina, turke ne a gabansa. Nan kan jirgi ke turo taragun fasinja da baya, ya kwance su, ya tafi. Mu kuma mu hau da bokiti da tsintsiya. Tun ina saurayi nake wanke su, har yatsuna suka fara lanƙwashewa aka ce in huta."

Na daɗe ina kallon zanen. A Kano an koya mana cewa malamar kirki da hannunta take ƙera kayan koyarwa. 'Yan ajinmu taswira suke yi da laka, ko agogon kwali. Ba wadda ta taɓa yin jirgin da ke tafiya a kan dogo, ya rabu, ya haɗu.

Na ce, "In na gina wurin nan, za ka iya tuna shi duka?"

"Ni da na wanke taragon Gwamna?"

"Ƙarya kake yi."

"Na wanke na kusa da shi. Duk ruwa ɗaya ne."

Damina na ɗaukewa muka fara. Na zaɓi wuri a ƙarƙashin rumfar da ake rabon ƙwaya, tsawonsa kamar tabarma biyu. Ban roƙi kowa ba, amma da mata suka ga ina ɗebo tsakuwa ni kaɗai sai suka fito da madaɓai ɗaure a dungu, suka yi mini daɓe, suka zuba makuba har ya yi sheƙi. Maijidda ce a gaba. Na ce musu na gode, a tsaye.

Sauran aikin nawa ne, don babu mai yatsun yin sa sai ni. An yanke dawa, kara ya samu. Nakan zaɓi sille mai kyau, in ɓare ɓawon da wuƙa da farce, in tsaga shi siri-siri. Shi ne dogo. In kafa shi a tsaye bisa tsinkayen tsintsiya da na jera a gicciye, in danne da ƙayar aduwa. Totuwar cikin karan kuwa ita ce jikin tarago, ana sossoke ta da ɓawon ta tsaya. Ƙafafun da sakaina na yi su, ina gogawa a dutse har su zagaye. Malam Dikko ya ba ni wayar tsohuwar ƙafar keke na lanƙwasa ƙugiyoyin haɗa tarago da tarago. Kan jirgin gwangwanin madara ne, na shafe shi da baƙin tukunya.

Balarabe yana zaune a gefe yana mulki.

"Wannan taragon faskila ne na manya ko kejin kaji? Faɗaɗa tagar. Turawa ba sa son zafi."

"Jiya ka ce layin wanki shi ne na biyu, yau ka ce na uku."

"Na uku ne. Na biyun nan na taragun da suka lalace ne, masu jiran gyara. Akwai wanda na tarar a can, na bar shi a can, har kaza ta yi ƙwai a ciki."

"To tankin ruwan fa, hagu ko dama?"

"Sa shi inda ya yi miki kyau, amarya. Wa zai je ya duba?"

Haka muke. Wani abin ya tuna shi har ƙusa, wani ya ƙirƙira, ni kuma in na kama shi sai ya ce tsufa ne. Yakan ba da labarin abin da fasinja ke bari: tofin goro a bango, ɓawon rake, takalmi wari guda, wata rana har akuya a ƙarƙashin benci. Mutane suka fara taruwa. Yawancinsu ba su taɓa ganin jirgi ba. Wani Bafillatani da ke fama da ƙafa ya ce shi dai bai ga amfanin turken da ba a ɗaura wa saniya ba.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne mahaɗa, inda layi guda ke rabuwa biyu. Dole a sami ɗan harshen kara mai motsi, in an tura shi gefe tarago ya bi wannan layi, in an dawo da shi ya bi wancan. Sai ya yi siriri kamar farce a baki, ya juya a kan ƙaya guda. Na yi na karya, na yi na karya. Ɓawon kara kuwa kaifinsa kamar aska. Duk Zangon Marke babu mai taɓa kara sai ya naɗe hannu da tsumma, ko rufin ɗaki za a yi.

"Naɗe hannun nan," in ji Maijidda.

"Da tsumma ba za a fere wannan ba, Inna."

"To ki zo duba."

"Ina da ido."

Ina da ido, amma a kan mahaɗa yake. Ranar da taragon farko ya bi ta ya shige layin wanki bai tuntsure ba, Balarabe ya yi kukan jirgi da baki, mata suka yi guɗa. A rufin taragon na ga wani ɗan ja-ja. Na ce makuba ce, na goge.

Bayan 'yan kwanaki na tashi da safe na ga manunina na dama ya kumbura, yana ƙyalli. Na fita bayan ɗaki inda haske yake, na duba. Sartsen kara ne ya shige ta ƙarƙashin farce, ya yi nisa, kansa kawai ake gani baƙi. Ban san ranar da ya shiga ba. Na sa allura na tono, rabi ya fito, rabi ya karye a ciki. Ban ji komai ba. Da na ji zafi da na yi murna.

Na wanke da ruwan gishiri, na koma aiki. Saura dakalin masu wanki da turakun ƙarshen layi. Ranar rabon ƙwaya na karɓa da hannun dama a dunƙule cikin mayafi, Malam Dikko bai lura ba. Shi ne ma ya ce mini Malam Sale ya aiko, ranar kasuwar Tudun Wada ta sama zai iso.

Kumburin ya gangaro gaɓa ta biyu. Kaluluwa ta fito mini a hammata, zazzaɓi ya fara zuwa da yamma. Ina miƙa wa Maijidda ƙwaryar fura ta kama wuyan hannuna da yatsunta uku. Ƙarfi gare su kamar awartaki. Ba ta ko duba ba, hanci ta kai.

"Tun yaushe?"

Na yi ƙoƙarin zare hannun.

"Wannan warin na san shi kamar warin ɗakina. Gobe da asuba a nemo jaki a kai ki wurin Malam Dikko. In an yi sauri, kan yatsan kawai za a cire. Gaɓa ɗaya. Ki gode Allah."

"Gaɓa ɗaya ta rage goma, Inna."

"In kika jira ranar kasuwa ba gaɓa za ki bayar ba."

"Na sani."

"Ba ki sani ba! Ni na sani!" Ta ɗaga dungunta ta kai shi gaban fuskata. "Wannan ma da jira aka same shi. Ke wace irin yarinya ce? Aji ne zai ba ki tuwo a baki?"

Na ce, "Shekara biyu ina haɗiyar ƙwaya don rana guda. Ba zan tsaya a gaban Malam Sale da tara da rabi ba. In za ki faɗa wa Malam Dikko, faɗa masa. Amma sai dai a ɗaure ni a kan jakin."

Ta saki hannuna. Ta fita, na ji tana zagin kaji. Da ta dawo, da garin lalle ta dawo. Ta matse yatsan har mugunya ta fita, ta wanke da ruwan bagaruwa, ta kwaɓa lallen ta lulluɓe hannuwan biyu har wuya, don baƙin yatsa guda ya ɓace cikin sauran. Tana yi tana share ido da kafaɗa.

"Allah ya isa tsakanina da boko," ta ce. "Kada ki ce na taimake ki. Kunya nake rufewa."

Balarabe ya gane washegari, don ya ga ina ɗaura turke da babban yatsa da na tsakiya, manunin yana miƙe. Bai ce amarya ba.

"Kyauta, tattake abin nan. Kara ne. Ni na ja ki da surutuna."

"Ba ka ja ni ba, Baba. Ba a jan ni. Turken nan a nan yake ko gaba kaɗan?"

Ya sunkuya ya dubi layin. "Gaba kaɗan."

Ranar kasuwa, hantsi ya ɗaga, mota kitika ta tsaya a bakin hanya. Malam Sale ya fito cikin farar riga, dogo, mai ɗan gemu. Ya tako har kusa da rumfa ya tsaya nesa, ta inda iska ke fitowa, hannuwansa a baya. Jama'a suka zube suka gaishe shi, ya amsa da kai. Ni zazzaɓi yana kaɗa ni, ƙasa tana yi mini sama da ƙasa, amma na ɗaura ɗankwalina na makaranta, na tsaya kamar yadda ake tsayawa a gaban aji.

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe."

"Malama Kyauta. An ce kin sami sauƙi. Ɗaga hannuwan."

Na ɗaga, na buɗe. Lallen ya kama ƙwarai, duk sun yi baƙi-baƙi. Na ga leɓensa yana motsi yana ƙirgawa. Daga inda yake tsaye, yatsa mai kumburi yatsa ne kawai.

"Wannan kuma fa?"

"Darasi ne na aji uku, ranka ya daɗe. Inda tarago ke zuwa bayan fasinja sun sauka."

Na tsuguna na fara. Na turo jirgin daga babban layi, taragu huɗu a bayansa. Na tsayar, na karkata mahaɗa, na mayar da shi da baya. Na zare ƙugiya na bar faskila a layin wanki, daidai dakali. Na ja gaba, na sake karkatawa, na kai taragun gama-gari biyu layin ajiya har suka taɓa turke. Ina yi ina bayani da muryar aji, ina jefa tambaya kamar yara na gabana. Me ya sa kan jirgi ke turawa da baya? Don in ya shiga da gaba, taragun za su toshe shi a layin da ba shi da mafita. Ƙugiyar ƙarshe ta maƙale. Dole na sa manunin. Na ji wani abu ya fashe a ciki, ba zafi ba, sakewa kawai, sai danshi ya bi tafin hannuna. Na dunƙule shi, na ci gaba da hagu kamar da gangan.

Malam Sale ya manta da kansa. Ya tako, ya sake takowa, ya sunkuyo yana leƙen tagar faskila inda na sa kujerun auduga. Saura kaɗan iskar ta daina taimakona, ya ji warin yatsan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kada ka matso. Duk mutanen nan sun taɓa wurin."

Ya ja da baya da sauri har rigarsa ta harɗe shi. Maijidda ta sunkuyar da kai.

"Ke kaɗai kika yi wannan?"

"Da yatsun nan."

Ya gyara hula. "Ko a Kano ban ga irinsa ba. In an koma hutu ki je Kiru. Zan sanar da hedimasta."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Na tsaya a tsaye har ƙarar kitikar ta ɓace wajen Doguwa. Daga nan ban san abin da ya faru ba, sai labari. An ce a kan ƙyauren ɗaki aka ɗauke ni zuwa bakin hanya, motar gyaɗa ta kai ni asibiti.

Likitan ya yi faɗa da Turanci, yana zaton ba na ji. Na amsa masa da Turanci, ya bar faɗan. Ruɓar ta bi jijiya ta shiga tafi. Ya cire manunin daga tushe, ya cire na tsakiya, ya ce in yi godiya da ya tsirar da babban yatsa. Da aka kwance bandeji na duba hannun sau ɗaya da kyau, don in san shi. Sannan na roƙi wata ma'aikaciya ta samo mini allo da alli, na fara koya wa hagu abin da dama ta sani. Baƙaƙen suka riƙa fitowa a karkace kamar na 'yar aji ɗaya. Na ci gaba.

Na biya Zangon Marke ɗaukar akwatina. Wurin da na gina yana nan a ƙarƙashin rumfa, don a jikin daɓe yake, ba ya ɗaukuwa. Gara ta fara shiga layi na biyu. Balarabe ya sa an kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya mayar da zamansa can. Ya dubi hannuna, ya kau da kai.

"Ina za ki da akwati?"

"Kiru."

"Da wannan hannun?"

"An ce in je. Ba a ce in je da wane hannu ba."

"Kai, wannan amarya ta fi ƙarfina. Na sake ki."

Maijidda ta fito daga ɗaki. Ta ɗora mini akwatin a ka, ta cusa mini kwalbar man gyaɗa a ƙugu.

Ranar da aka koma makaranta na isa kafin a buga ƙararrawa. Ban sa hannun a mayafi ba. Hedimasta, Malam Inuwa, mutumin kirki ne, tare muka yi aiki a da. Ya fito da fara'a, ya ga hannun, fara'ar ta tsaya a inda take.

"Malama, ba haka aka gaya mini ba."

"Me aka gaya maka, Malam?"

"An ce ki karɓi ajin 'yan mata."

"To, ga ni."

"Sai na ji daga sama. Zan tura masinja Dangora a buga waya."

"Tura. Kafin amsa ta zo, ajin nawa ne."

Bai hana ni ba. Na shiga. Yaran sababbi ne, ba wadda ta san ni. Suka miƙe suka gaishe ni, idanunsu duka a wuri guda. Na ɗaga hannun sama na juya shi gaba da baya, na ce, "Ku kalla ku ƙoshi, don ba za mu ɓata darasi a kansa ba. Na yi ciwo, na warke. Likita ya tabbatar. Ku zauna." Na ɗauki alli da hagu.

Washegari benci biyu babu kowa. Rana ta uku iyaye mata suka fara aiko da tsofaffi, su tsaya a bakin taga su kira suna, yarinya ta tashi ta bar allonta. Wata tsohuwa ta tofa yawu a ƙofa. Ban daina magana ba, ban kuma rage murya ba. Na koyar da lissafi, na koyar da tsabta, na koyar da karatu. Da aka kai ƙarshen mako yara uku suka rage, su ma a bencin baya suke zama, a manne da bango. Ɗaya daga cikinsu, Dije, tana da kai. Takan amsa tambaya tana kallon ƙasa.

Amsar ta zo ana tsakiyar darasin rubutu. Na ga inuwar Malam Inuwa a ƙofa, masinja a bayansa riƙe da keke. Ba sai ya buɗe baki ba.

"Malama Kyauta."

"Ban gama jimlar ba, Malam."

Ya tsaya. Na juya ga allo na ƙarasa ta a hankali, baƙi bayan baƙi, don hagu ba ta son gaggawa. Na sa aya. Na ce wa yaran su kwafa, su kula da tazarar kalmomi. Na jira har Dije ta ɗago.

Malam Inuwa ya matsa gefe ya ba ni hanya, fiye da yadda ake bukata. Muryarsa a ƙasa ya ce, "Ki yi haƙuri. Ki tafi da allin ma, babu mai taɓa shi."

Na ce, "Na makaranta ne."

Na ajiye shi a kan tebur, inda ake ajiye alli, na fita.